Wa yake shirya mana wasan sallah a Agege?

Ɗan uwa ka tambaya wai mu nan Ikko, wato Legas, wa yake tsara mana harkar gargajiya tunda ba mu da fada irin ta Kano, ba mu da Gidan Ɗan Hausa inda hukumar tarihi da al'adu ta Kano take. To gaskiya mu muke shirya kayanmu da kanmu.

Ku can in sallah ta zo masarauta ce ke fitar da tsari, kowa ya san ranar hawan Daushe da ta hawan Nasarawa, filin ma yana nan yana jira. Mu nan fili shi ne babbar magana wallahi. Tun azumi bai kai tsakiya ba ake fara zama a ƙofar Sarkin Hausawa, shugabannin 'yan goro da mahauta da 'yan tireda duk a hallara, a yi karo-karo, wannan ya ɗau nauyin rumfa da kujeru wancan ya ɗau janareta, makaɗan kalangu kuma mahauta ba sa bari wani ya biya musu, dama dambe nasu ne tun asali. Daga nan sai dattawa su je su gaida Baale, wato mai unguwa na Yarabawa, a kai takarda ƙaramar hukuma da ofishin 'yan sanda, in za a taɓa titi kuma dole LASTMA, masu kula da zirga-zirgar motoci a Legas, su sani. In ka tsallake Baale ko takarda goma gareka sai ka ji a jikinka.

Hukumar al'adu kuwa akwai ta, jihar Legas na da majalisar fasaha da al'adu, ma'aikatarsu na Alausa a Ikeja. Amma ƙarfin aikinsu yana kan al'adun masu gari ne irin su bikin dodannin Eyo, kuma ni ban ga laifinsu ba, garinsu ne. In ana bikin da ake so a nuna ƙabilu sai a aiko mana goron gayyata mu kai 'yan rawa da masu algaita, mu yi namu mu dawo gida.

Abin da ke damuna shi ne yaranmu haifaffun nan, wasunsu kakanninsu tun zamanin da jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano a 1912 suke Agege suna fataucin goro, Yarabanci a bakinsu kamar ruwa amma ka ce su yi tashe sai su tsaya suna kallonka. Shi ya sa bana na ce wa dattawa a cire wani abu cikin kuɗin rumfa a saya musu ganga da gemun auduga, har yanzu dai ba su ba ni amsa ba.