Ɗibar laka daga ƙasan tafkin Pidong

Ɗan'uwa daga Jos, ka tambaya yadda za ku ɗebo lakar tafkin Pidong na Mangu, wanda ke cikin ramin tsohon dutse mai aman wuta, don karanta tarihin yanayi.

Ku fara da auna zurfi: na'urar amsa-kuwwa (mai auna zurfin ruwa da sauti) da GPS a kan kwalekwale, layi-layi. A wuri mafi zurfi za ku kafa bututun ɗibar laka, domin gefen ramin aman wuta yana zaftarewa ya hautsina jerin lakar. Bututun ya fito a tsaye, a toshe bakinsa biyu, a ajiye a sanyin digiri 4 na Celsius, a yanka lakar santimita ɗaya-ɗaya.

Wajen gwajin shekaru da kabon-14, ku tsinci ganye ko ƙwayar irin tsiron tudu a cikin lakar, su za a gwada, ba lakar kanta ba. Iskar da ke fitowa daga ƙarƙashin irin wannan tafki tana ɗauke da tsohon kabon, sai lakar ta nuna shekarun da ba ta kai ba.