Amsar tambayar Malam kan tsadar taki da barin itatuwa a gona

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, barkanmu da yamma. Malam, na ji muryarka tun jiya, hidima ce ta riƙe ni, a yi mani afuwa. Ga wanda bai saurara ba, Malam cewa ya yi buhun taki ya fi ƙarfin talaka, sai ga wasu ma'aikatan ƙungiya sun je ƙauyensu ta wajen Sandamu suna cewa a rage takin zamani da feshi, a koma takin gargajiya, a riƙa barin itatuwa a gona. Shi ne yake tambaya, maganar nan da gaskiya a cikinta, ko so ake a mayar da mu baya alhali su can da inji suke noma?

To Malam, kar ka watsar da takin zamani rana ɗaya, kuma kar ka raina maganar mutanen nan. Ƙasarmu ta Daura jigawa ce, yashi ne. Ka zuba yuriya a kan yashin da ba komai cikinsa, a yi ruwa mai ƙarfi, wani ya bi ruwa ya nutse, wani rana ta ɗauke. Abin da ke riƙe taki da danshi shi ne ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi. Mu kuwa me muke yi? Kaka ta yi mu kwashe hatsi, mu kwashe kara, mu kwashe harawa, bazara ta zo mu tattara ɗan abin da ya rage mu cinna mashi wuta. Gona ta wuni tsirara rani guda iska na yashe ta. Shi ya sa inda buhu ɗaya ke isa da, yau biyu ba su yi. Ga kuɗin ya tashi tun yaƙin Rasha da Yukiren a 2022, aka zo aka cire tallafin mai a 2023, naira ta faɗi. Wannan farashin ba mu ke yanka shi ba. Abin da ke hannunmu ita ce ƙasar.

Bari in tsaya kan gawo, don nan maganar take. Kowa a zauren nan ya taɓa ganin geron gindin gawo, yadda yake yin baƙi-ƙirin, zangarniya cike, na nesa da shi kuma ya yi ja ya tsumbure. Gawo da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa shuka rana, ganyen ya ruɓe daidai lokacin da gero ke nema. Saiwarsa kuma tana tara sinadarin nan da muke saye a buhun yuriya. Rani ya yi ya fito da ganye, dabbobi su kwanta a inuwarsa su ci 'ya'yan, su bar maka taki a wurin. Iyayenmu ba su sare gawo, mu ne muka mayar da shi itacen girki.

Kuma ba sai ka sayi dashe ba. Maƙwabtanmu na Maraɗi ne suka nuna haka. A 1983 wani Bature ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, da ya sha dasa itatuwa suna mutuwa, ya lura cewa 'yan kututturan da ake sarewa duk shekara wajen sassabe suna da rai, saiwarsu na can ƙasa. Sai aka fara cewa manomi, in ka zo sassabe kar ka share duka. Ka duba tohon kalgo ko sabara ko gawo ko magarya, ka zaɓi rassa biyu zuwa biyar masu ƙarfi ka bari, ka datse sauran, ka riƙa yi masu aski. Tunda saiwar tsohuwa ce, girmansa ya fi na dashe sauri nesa ba kusa ba, kuma ba ban ruwa. Bayan yunwar 1984 abin ya bazu, har aka ƙiyasta kadada miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a Nijar, yawanci Maraɗi da Damagaram. Wanda ke bi ta Kwangwalam zuwa Matamaye ya san gonakin da nake nufi. Hausawa ne 'yan'uwanmu, ruwansu bai fi namu ba. Saboda haka ba za a ce mani abin Turawa ne ba.

Sai takin gida. Kuskuren da ake yi, a kai shi gona da amalanke tun rani a jibge tsibi-tsibi, rana ta ƙone shi, iska ta kwashe. Ka haƙa rami a inuwa, ka riƙa zuba kashin awaki da na kaji, toka, sharar tsakar gida, ragowar harawa, ana ɗan yayyafa ruwa ana juyawa. Don Allah a tsince leda da batir. In ya nuna za ka ga ya yi baƙi, warin ya tafi. Kuma tunda ba ya isa a watsa ko'ina, a ramin shuka za ka sa, cikin tafin hannu. Takin zamanin ma haka. Masu bincike na ICRISAT, wata cibiyar binciken noma, a Nijar sun gwada sa takin NPK cikin marfin kwalbar lemo ɗaya ga kowane rami, maimakon watsi, an kuma ga amfani. Mai tiya biyu ya samu shiga ke nan. Inda ƙasa ta yi tauri ruwa na gudu a kai, a yi 'yan ramuka tun rani a sa taki, irin wanda marigayi Yacouba Sawadogo na Burkina Faso ya farfaɗo da gonaki da shi.

Wake da gyaɗa kuwa ba sai na koya wa Bakatsine ba, haɗa su da gero gadonmu ne. Abin da zan ƙara kawai, a ba su layinsu sosai, kuma a riƙa juyawa, inda gero ya kwana bana gyaɗa ta kwana baɗi. Wuta-wuta kuwa, ciyawar nan mai kashe gero, gajiyayyar ƙasa take so. Ƙwayar irinta tana iya shekara 10 ko fiye a ƙasa tana jira, kuma tushe ɗaya dubbai yake zubarwa. A tuge ta kafin ta yi 'ya'ya, a fitar da ita daga gonar, kar a yar a kunya.

Maganar feshi, nan zan ɗan saɓa da mutanen ƙungiyar. Ruwan bedi, wato darbejiya, yana aiki. A daka 'ya'yan, a jiƙa su kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma. Amma sai an maimaita, kuma in ƙwari suka yi wa wake taron dangi lokacin fure, wanda ya ce maka bedi kaɗai zai fitar da kai, ba shi zai yi asarar ba. A fara da bedi, a riƙa zagaya gona, in abu ya ƙi a yi feshin bisa ƙa'ida. Wanda ban yarda da shi ba sam shi ne zuba fiya-fiya a waken ajiya. Saboda irin wannan maganin Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya a 2015, mu kuma shi muke dafa wa yara. Ga buhun PICS mai leda biyu a ciki, ka shanya wake ya bushe sarai, ka ɗaure kowace leda daban, ƙwaro ya rasa iska ya mutu.

Ba zan ɓoye maka wahalar ba. Aiki ne, yana cin hannu. Karan da nake cewa a bari, kuɗi ne a kasuwa, abincin dabba ne, danni ne. Mai gonar haya ko jingina ba zai yi renon iccen da ba shi zai mora ba. Ka yi renon gawo shekara uku, wani ya bi dare ya sare. Wannan sai mai gari da masu unguwanni sun sa baki an yi doka. Da can Fulani kan sauka gona bayan girbi, shanu su ci kara su bar taki, a ba su dami. Rashin tsaron nan ya ɓata wannan hulɗa a wurare da yawa, musamman yamma ta wajen Batsari da Safana. Inda amana ta saura, a riƙe ta.

Don haka Malam, kar ka juya gonar duka. Ka ware kashi ɗaya cikin huɗu, ka bar toho, ka sa takin rami da na marfin kwalba, sauran ka yi yadda ka saba. Da kaka ka ƙirga damman kowane ɓangare daban, ka rubuta abin da ka kashe. Taki za ka ga bambancinsa bana, icce sai ka ba shi shekara uku zuwa biyar. In mutanen sun dawo, ka ce su kai ka gonar wanda ya riga ya yi, ka ji daga bakinsa. Wanda kuma ke da hoton toho da aka yi wa aski ya turo zaure Malam ya gani kafin a fara sassabe. Allah ya ba mu damina mai albarka, a gaida iyali. Wassalamu alaikum.