Magana Na Fita Amma Hoton Bidiyo Ya Koma Kore

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, don Allah a taimaka, ina da laftof tokunbo da na saya bara, duk sanda na buɗe YouTube a Chrome sai in ji magana na fita lafiya lau amma hoton ya koma kore ko baƙi ƙirin, wani sa'in kuma ya dinga ƙiftawa, alhali in na sauke bidiyon na kunna a VLC garau yake nunawa. Ko sikirin ɗin ne ya lalace? Daga wani ɗalibi a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Kwantar da hankalinka, tunda VLC na nuna hoto garau to sikirin lafiyarsa ƙalau, kar wani mai gyara ya sa ka kashe kuɗin canja shi.

Abin da ke faruwa shi ne Chrome ba ya ɗaukar nauyin nuna bidiyo shi kaɗai, miƙa aikin yake wa katin hoto wato GPU, to in direban katin, wato manhajar da ke sarrafa shi, ya tsufa, kamar yadda aka saba gani a tsofaffin laftof, sai a samu saɓani tsakaninsu, magana ta wuce hoto ya maƙale.

Don ka hana Chrome miƙa wa katin wannan aiki, shiga Settings na Chrome, ka danna System, za ka ga "Use graphics acceleration when available", a tsohon Chrome kuma "hardware acceleration" aka rubuta. Kashe shi, ka danna Relaunch, in ba ka sake kunna burauzar ba babu abin da zai canja. A burauzar Edge yana ƙarƙashin System and performance.

Sai dai fa wannan maganin wucin gadi ne. Da ka kashe shi duk lodin ya koma kan farosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, za ka ji fanka na ihu, laftof ta yi zafi, batir ya zube da wuri, ga wutar nan tamu da ba ta zama. Saboda haka ka shiga Device Manager na Windows, ka buɗe Display adapters, ka ga sunan katinka, sannan ka sauko da sabon direba daga shafin Intel, AMD ko Nvidia, ka mayar da saitin a kunne ka gwada.

In kuma hoton ya dawo amma yana sarƙewa, to wataƙila YouTube na turo bidiyo da tsarin matse bidiyo na VP9 ko AV1 ne, waɗanda tsofaffin katuna da yawa ba su iya warwarewa. Saka h264ify, wata ƙaramar manhaja da ake ƙara wa burauza, a Chrome, zai tilasta wa YouTube turo tsohon tsarin H.264, amma ka sani ba zai wuce 1080p ba.