Mazubin ruwan kajina na ƙarfe yana yoyo, ina mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina kiwon kajin ƙwai guda 120 a bayan gida. Mazubin ruwansu na ƙarfe ne, mai murfin da ake kifawa. Kwanan nan kullum da safe sai in tarar da buntun shinkafar da na shimfiɗa ya jiƙe sharkaf, ruwan kuma ya ƙare. Na duba ban ga huji ba. In jefar ne in sayi na roba?

Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada ki jefar tukuna. Ni ma haka ta taɓa faruwa da ni, na yi kwana uku ina lalube a gindin mazubi, ashe ɓarnar a sama take.

Irin wannan mazubi iska ce ke riƙe ruwansa. Ruwa na sauka cikin faranti har ya rufe ɗan ramin da yake fitowa, daga nan sai ya tsaya cak, tunda iska ba ta da hanyar shiga. To, idan murfin ya samu huji a sama, ko da kamar bakin allura ne, iska za ta riƙa shiga, ruwa ya yi ta ambaliya har ya ƙare. Shi ya sa ba ki ga inda yake ɗiga ba.

Fara da duba wurin da kika ajiye shi. Idan ya karkace, ruwan zai zube ta gefen da ya yi ƙasa kafin ya kai ga rufe ramin. Ɗora shi kan bulo a miƙe, daidai tsayin bayan kaza. Kuma ki raba shi da rana, domin iskar ciki na kumbura da zafi ta turo ruwa waje.

In ba a dace ba, cire murfin ki juya shi kamar bokiti, ki cika shi da ruwa, ki goge bayansa ya bushe, ki zuba ido kan layin haɗi da wurin mariƙi. Inda kika ga danshi ya tsatso, nan ne. Goge wurin da samfefa har ƙarfen ya yi haske, ki shafa gam mai haɗi biyu irin Araldite ta waje, ki bar shi awa 24 kafin ya ga ruwa. Idan gun mai gyara za ki kai, ki ce kada ya liƙe da dalma, guba ce ga kaji da masu cin ƙwansu.

Tsatsa kuwa, in ta cinye gindin har yana ɓarewa a hannu, ki haƙura da shi. Kuma don Allah kada ki zuba ruwan tsami ko maganin rigakafin sha irin na Gumboro da Lasota a ciki: tsami na cinye shafen da ke kare ƙarfen daga tsatsa, rigakafi kuma a mazubin roba ake bayarwa.

Shi kuma buntun da ya jiƙe, ki kwashe shi yau, kada ki jira gyara. A shimfiɗa mai danshi cutar kashin jini take samun gindin zama.