Hawan Chappal Waddi da ƙananan yara

Ɗan'uwa, ka tambaya ko za ka iya hawan Chappal Waddi a ƙafa da iyalinka, har da ɗan shekara bakwai, kowa da jakarsa a goye. A ganina ku haƙura da ƙololuwar tukuna. Dutsen nan na Taraba, a bakin iyakar Kamaru, shi ne mafi tsawo a Najeriya, mita 2,419, kuma tafiyar kwanaki ce, ga hawa mai tsauri ga rafukan da sai an tsallaka da ƙafa.

Ku gwada tuddan Mambila da farko, wajen Gembu ko Nguroje, ku fita da safe ku dawo masauki da yamma. Nan za ka ga ƙarfin yaron.

In dai kun nace, sai damina ta ɗauke, tsakanin Disamba da Maris. Dutsen yana cikin gandun dajin Gashaka-Gumti ne, ku biya ofishin gandun a Serti don izini da ɗan jagora, ku tambayi halin tsaro. Ku ɗauki 'yan dako, yaro kada ya goya fiye da ruwansa da rigar sanyi, don daren can akwai sanyi sosai. Ruwan rafi a tafasa shi. Sabon takalmi kuwa a bar shi a gida, ƙafa zai ci.