Amsa: Contax T2 ko Ricoh GR1 don hawan sallah?

Malam, ka tambaya wacce ta fi kyan gilashi da sauƙin sarrafa haske tsakanin ƙananan kyamarorin fim Contax T2 da Ricoh GR1, don ɗaukar hawan sallah a ƙofar fadar Zazzau. Ni dai T2 zan ce.

T2 ta fito a 1990, gilashinta Carl Zeiss Sonnar ne, 38mm f/2.8 (lambar mm na nuna faɗin abin da yake ɗauka, ƙaramar lamba ta fi faɗi; f/2.8 kuma iyakar buɗewarsa ce). Kalar da yake fitarwa mai kauri ce, jan rawanin dogarai da adon dawaki sai su fito kamar ka taɓa. GR1 ta 1996 tana da gilashi 28mm f/2.8, kaifinsa ba laifi, amma faɗinsa ya yi yawa. Idan ba ka kutsa har gaban dawakin ba, mahayan za su zama ƙanana a hoto, kuma ka san cunkoson ranar.

Inda za ka lura shi ne haske. Dukkansu suna barinka ka zaɓi buɗewar gilashi da kanka, kuma akwai wurin ƙara ko rage haske har mataki 2 (mataki ɗaya shi ne ninka haske ko rage rabinsa). Sai dai a T2, idan ka sa 2.8, kyamarar ce ke zaɓa maka. Saurin buɗewa da rufewarta kuma bai wuce 1/500 na daƙiƙa ba, don haka a hasken Zariya da tsakar rana fim mai ISO 400 (ISO shi ne ma'aunin saurin kama hasken fim) zai kai ta maƙura. Sayi 100 ko 200. Idan fararen riguna suka cika hoton, ƙara mataki 1, in ba haka ba za su fito toka-toka.

GR1 kuma ƙaramin allonta yakan mutu da tsufa, duba shi kafin ka biya. Lokacin hunturu ka ajiye kowacce a jaka, ƙura ba ta raga wa gilashin da ke shiga yana fita.