Amsa ga mai tambaya kan zanen tsuntsaye da fentin ruwa

'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari. Kin ce kina zana tsuntsaye da furanni da fentin ruwa, duk daga hotunan da kike samowa a intanet, kuma kina son sanin ko abin zai iya zama sana'ar da za ta riƙe ki. Zai iya, ni ma da shi nake ci nake sha. Amma sai kin fita kin ga tsuntsun da idonki.

Hoto ba ya nuna miki yadda zalɓe ke naɗe wuya idan zai tashi, ko yadda yake tsayawa cik a ruwa, ƙafa ɗaya a ɗage, kafin ya kai wa kifi sara. Wannan sai wanda ya zauna ya kalla. Ki ɗauki ƙaramin littafin zane da fensir, da madubin hangen nesa in kina da shi. Tsuntsu ba zai jira ki ba, don haka ki fara da layin baya daga kai zuwa wutsiya, sai tsawon baki, sai inda ƙafa ta fito. In ya juya, ki bar wannan ki fara wani a gefe. Shafi zai cika da rabin tsuntsaye, kuma su ne jarinki. Audubon, wanda aka buga zane-zanensa 435 na tsuntsayen Amurka tsakanin 1827 da 1838, harbo su yake yi ya kafe su da waya a jikin katako. Aikinsa abin mamaki ne, sai dai a ganina wasu tsuntsayen sun fito a murɗe, ba yadda mai rai ke tsayawa ba. Ga kuma batun haƙƙi: hoton wani mallakarsa ne, in kika kwafa kika sayar ba da izini ba, kin shiga haƙƙinsa.

Kayan aiki, ki zuba kuɗinki a takarda kafin komai. Ki nemi ta auduga zalla, mai nauyin giram 300 a murabba'in mita. Mai santsi ta fi dacewa da jijiyoyin ganye da gashin tsuntsu, mai ɗan kaushi kuma ta fi kyau da teku. Fenti kala shida masu inganci sun fi akwati guda na araha. Ki duba jikin kwalin, masu yin sa suna rubuta yadda kowace kala ke jure haske, domin akwai ja da ruwan hoda masu kyau da ke koɗewa bayan 'yan shekaru a bango.

Abin da ya fi wahalar da masu koyo shi ne fari. Fentin nan galibi garin kala ne da ƙaro, haske yana ratsa shi ya dawo daga takarda, saboda haka farinki shi ne takardar da ba ki taɓa ba. Balbela ba zana ta ake yi ba, kewaye ta ake yi. Ki jiƙa bayanta, ki sa duhun ciyawa ko na ruwa har zuwa gefen jikinta, sannan ki taɓa ƙarƙashin fiffike da shuɗi mai ruwa-ruwa sosai. Ki fara da mai haske, ki bari ya bushe ƙarau, sannan ki ɗora mai duhu. In kika koma da buroshi kan wurin da ya fara bushewa, tabo zai fito mai wuyar gyarawa.

Tsirrai sun fi haƙuri, amma suna son gaskiya. Ki ƙirga ganyen fure, ki duba ko ganyaye suna fuskantar juna a kara ko suna bin juna ɗaya bayan ɗaya. Masana tsirrai har yau suna neman zanen hannu, domin a shafi ɗaya ana iya nuna fure da 'ya'ya da saiwa tare.

Bakin teku kuwa da nasa hali. Iskar mai laima ce, takarda ba ta bushewa da wuri, kuma ruwa yana cika ya janye kusan sau biyu a kwana. Dutsen da kika fara zanawa da safe zai iya nutsewa kafin ki gama. Ki zana ƙarami a wurin, ki rubuta lokaci da inda rana take, ki ƙarasa babban a gida.

Batun kuɗi, kada ki dogara da sayar da asalin zane kaɗai. Kafin kowanne ya bar hannunki, ki ɗauki hotonsa mai kyau don buga kwafe da katuna da kalanda. Akwai aikin da ake ba ki ki yi, akwai koyarwa, akwai masu wallafa littattafan tsuntsaye da ƙungiyoyin kare muhalli. Duk waɗannan suna neman wanda ya san halittun yankinsa ciki da waje, shi ya sa nake cewa ki tsaya kan na inda kike har a san ki da su. Idan kuma za ki sa zane a firam, ki sa kwali tsakaninsa da gilashi, ki kuma gaya wa mai saye kada ya rataye shi inda rana ke duka.